Sule Biyu na Baba Dalyop

Ina tsaye gaban famfon kicin ina durza sule na biyu da soson ƙarfe Goodnews, 'yar Baba Dalyop, ta sake kira daga Manchester. Ta ce ba za a ba ta hutu daga aiki ba sai gobe, don Allah in hanzarta, babanta sai tambayar kuɗin nan yake. Na ce ta kwantar da hankalinta, na kusa gamawa. Ba ta tambayi me zan gama ba, ni kuma ban faɗa ba.

Baba Dalyop maƙwabcinmu ne na ƙasa a unguwar Sparkhill, mutumin Jos, tsohon direban bas. Tun da muka tare ni da maigidana Abdulsalam, ban taɓa kai masa tuwo na rasa shi a bakin taga ba, da ɗan gilashi irin na masu gyaran agogo a ido ɗaya, yana leƙen tsoffin kuɗin azurfa. Nakan tsokane shi cewa tsofai-tsofai da shi yana wasa da kuɗin da ko gyaɗa ba za su saya ba. Sai ya yi dariya ya zaunar da ni, ya yi ta bayani ina hamma.

Ɗan abin da na riƙe shi ne, kowane sule da hatimin ƙarfe ake buga shi, in hatimin ya tsage kuwa, duk wanda ya fito daga gare shi sai ya ɗauko wani layi siriri kamar gashi. Yana da sulen 1913 mai hoton bishiyar kwakwa, wanda mahaifiyarsa ta kwance daga bakin zane ta ba shi ranar da zai bar gida. Shi kaɗai ya rage masa nata. Sulen yana da irin layin nan, daga ganye har baki, kuma shekara goma sha tara Baba yana neman wani da ya fito daga hatimi ɗaya da shi.

Yana kwance a asibiti, ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, wani dillali a Manchester ya aiko da wanda ake zaton shi ne. Baba ya ce in kai masa su biyun da gilashin, ya haɗa su da idonsa.

Da na buɗe takardun da aka naɗe su sai na gan su baƙi ƙirin. A gidanmu a Kano, awarwaron azurfa in ya dushe, lemun tsami da toka ne maganinsa, kuma ba a kai wa mara lafiya abu da dauɗa. Na zuba su a kwano ɗaya, na matse lemu, na durje su har suna ɗaukar ido. Takardun na jefa a shara. Wallahi ina ta jin daɗin kaina a cikin bas.

A asibiti ya karɓa, ya kafa gilashin. Ya daɗe yana juya su a hasken taga.

"Hajo, kin wanke su."

"Eh Baba, sun yi dauɗa sosai."

"Ba dauɗa ba ce, 'yata." Ya tsaya ya ja numfashi. "The line is gone. Layin ya goge, duka biyun."

Garin gyaran gira na tsone ido, kuma idon mutumin da ba shi da sauran lokaci. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce ba komai, dama wasan tsofaffi ne.

"To wanne ne na Mama?"

Na dubi suloli biyu a tafinsa, farare tas, babu abin da ya raba su. Tsoro da kunya suka rufe ni, na nuna na dama.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

Ya dube ni, ya yi mini godiya, ya tambayi yadda karatun Abdulsalam yake tafiya. Na yi kuka tun daga ƙofar asibiti har Stratford Road, wata tsohuwa a kujerar gefe tana miƙo mini tishu.

Washegari da hantsi ya cika, jirgin ƙasan Goodnews bai iso ba tukuna. Tare muka shiga ɗakin da ita, kuma har yau ban faɗa mata abin da na yi ba. Ta yaye mayafin a hankali, ta kama hannun dama za ta miƙar masa da yatsu, sule ya zamo kan katifa. Ta zagaya ta buɗe na hagu. Ɗayan yana ciki, ya bar masa shaida a tafi.