Sawun Tantabarun Hauwa'u

Malam Ubaidullahi da kansa ya raba gadon matarsa Hauwa'u, kuma bai ha'inci kowa ba sai zuciyarsa. Tantabarun da take kiwo a gidansu na Gidan Dare suka faɗa kason ƙanenta Yari, wanda ya ce ranar Asabar zai zo da keji.

Malam bai taɓa son tsuntsayen nan ba. Sun sha ɓata masa littattafai da kashi. Amma da ya tuna za a wayi gari tsakar gida shiru, sai abin ya tsaya masa a rai.

Ya aika aka kira Gazali, mai yi wa bango ado da zanen ganye da reshen dabino.

"Allah shi gafarta Malam, in zana maka su ga bango?"

"Subhanallahi! Ni da nik kwashe shekaru ina hana zanen abu mai rai?"

"To mi za a yi?"

Malam ya daɗe yana shafa gemu. Mai neman mafita a littafi ba ya rasa ta.

"Ka shafe min tsakar gida da siminti, sumul. Kak ka zana komi. Ka bar shi ɗanye."

Gazali bai gane ba, amma aiki aiki ne. Ranar Juma'a da hantsi ya gama shafe, Malam ya buɗe akurkin tantabarun, shi da Gazali suka koma gefe. Malam ya ce zai watsa gero a tsakiya don sawun tsuntsayen ya zagaya kamar fure. Hannunsa na cikin ƙwarya ke nan tantabarun suka sauka.

Ko kallonsa ba su yi ba. Suka bi juna a kan ɗanyen simintin, tinƙis-tinƙis, har ƙofar ɗakin Hauwa'u. Nan suka yi ta kai da komo suna guguguu. Da ba wanda ya ɗaga labule, suka tashi sama.

"Sun ɓata furen, Malam. In sake shafewa?"

"Bar shi."

Asabar Yari ya zo ya kwashe abinsa. Simintin ya bushe. Baƙi kan yaba adon, su ce kamar reshe mai ƙananan ganye, wasu har su tambayi wanda ya zana. Malam ya ce ba kowa.

Kullum da safe yakan bi gefen bango ya wuce, don kada ya taka. Ya duba sau da yawa, duk sawun tafiya ne, babu na dawowa.