Haihuwar Basma a Hayin Kogi

Hajiya Hauwa ta unguwar Utaibiyya a Makka ba ta taɓa iya faɗin sunan ƙauyen da 'yarta Basma take zaune a Ingila ba. Amma ta san shi ta waya. Mijin Basma, Munzali, likitan dabbobi ne a can, kuma kowace Juma'a Basma takan ɗaga waya ta zaga da uwarta: ga cocin dutse, ga kanti ɗaya tilo, ga tumaki a kan tudu. Hanyar fita ɗaya ce, ta kan wata tsohuwar gada da aka ce masu fataucin ulu suka gina tun zamanin dawakai.

Ranar da abin ya faru, Hauwa ta idar da la'asar ke nan wayar ta yi ƙara. Fuskar Basma jiƙe da gumi.

"Ummi, naƙuda ce. Kuma kogi ya rufe gada."

"Ina Munzali?"

"Yana hayi. Tun safe ya tafi duba shanu, an hana shi wucewa."

Cikin bai ma isa haihuwa ba. Hauwa ta san ambaliyar Makka, wadda takan zo da ƙarfi ta wuce kafin magariba, sai ta ce a yi haƙuri ruwan zai janye. Basma ta juya wayar zuwa taga. Ruwa ne ja shimfiɗe har gindin tudu, ba ya ko motsi.

Wata tsohuwar maƙwabciya mai suna Morin ta shigo da takalman roba da tarin tawul. Ta jingina wayar a kan kujera, ta yi wa Hauwa wata magana da Turanci. Hauwa ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

"Ki ce mata ta durƙusar da ke! Basma, ki faɗa mata!"

Naƙuda ta ci ƙarfin Basma, ba ta iya yin tafinta. Duk jikokin Hauwa a hannunta suka faɗo, yau ga ta zaune a kan darduma tana kallon gefen gado da gwiwar wata baƙuwa. Ta yi ta addu'a da ƙarfi, ko 'yar za ta ji. Can aka bugi kujerar, wayar ta kife. Sai duhu, da nishin Basma.

Da Morin ta ɗaga wayar, akwai jaririya a cikin tawul, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na mage. Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin makaranta, ya kwashe uwa da 'ya zuwa asibitin birni.

Washegari ɗan Hauwa, Majid, ya shiga nema mata biza. Aka ce sai ta jira. Aka raɗa wa jaririyar suna Asma tana cikin kwalbar asibiti, robobi a hancinta. Hauwa ta daka kayan kunun jego, ta ƙulle a leda ta ajiye a bakin ƙofa.

Maƙwabciyarta Rabi ta shigo barka, ta tambayi yarinya.

"Sun ce tana numfashi," in ji Hauwa. "Ni dai abin da suka ce na sani."