Hatimin Malama Shiraishi a Kan Harafin p

A gidan wankan unguwa Malama Shiraishi ta tsinci maganar. Wai makarantar sakandaren da ta koyar shekara talatin da takwas za ta sallami sabuwar malamar kimiyyar sinadarai, Nonomura, don ba ta san aikinta ba. Wai ɗalibai sun tambaye ta me ƙaramin p na pH, ma'aunin tsami, yake nufi, ta ce ba wanda ya sani.

Tsohuwar ta fito daga ruwan tun zafinsa bai ratsa ta ba. Ta kai shekarun da ba ta yarda da "an ce". Washegari ta hau jirgin ƙasa zuwa laburaren jami'a, ta sa aka zaƙulo mata rubutun mutumin Danmak ɗin da ya ƙago alamar a 1909. Da Jamusanci aka buga shi, kwana uku tana bin sa layi-layi da Jamusancinta da ya yi tsatsa. Ga p nan birjik, amma ko sau ɗaya bai ce ga dalilinsa ba. Na bayansa ne kowa ya liƙa masa tasa fassarar.

Ta nufi makarantar ranta a ɓace. Shugaban sashen kimiyya, Kuwabara, tsohon ɗalibinta ne. Ya miƙe ya rusuna, ya zuba mata shayi. A teburinsa ga takardar sallamar Nonomura, manya uku sun riga sun buga jan hatiminsu, gurbinsa kaɗai ya rage.

"Ajiye shayinka," in ji ta. "Kai da ka ƙone girarka a ɗakin gwajina, yau kai ne mai raba mutum da abincinsa?"

"Malama, ba son raina ba ne. Iyaye sun kawo ƙara. Ta saɓa wa littafin sashe."

"Me littafin ya ce?"

"Ya ce p na nufin ƙarfi."

"Wane maras aikin yi ya rubuta haka?"

Kuwabara ya share zufa. Ya buɗe kabad ya ɗauko littafin, wanda kowane shugaban sashe ke miƙa wa magajinsa da hannu biyu, ba a ƙarawa, ba a ragewa. Ya buɗe shafin ya juyo mata. Rubutun nata ne, na lokacin da take shugabar sashen. A ƙasa ga hatiminta, jan ya koɗe.

Ta tuna ranar. Daga allon malaminta ta kwafa, ita ma ba ta tambaye shi inda ya samo ba. Shekara arba'in yara na haddace wannan layi, kuma malama ɗaya da ta faɗi gaskiya ita za ta tattara kayanta. Fushin da ta zo da shi ya ninka, yanzu rabinsa da kanta take yi.

"To, da ka ji Nonomura ta faɗa, ka je ka duba?"

"Malama, hatiminki ne fa. Wa zai gyara abin da kika buga wa hatimi?"

"Ashe girmamawa kake yi mini. Da ka zage ni ya fi." Ta miƙa hannu. "Ba ni alƙalami. Mai hatimi dai tana iya gyarawa, ko?"

"Tana iyawa."

Ta ja layi biyu a kan tsohon rubutun, ta yi sabo a ƙasa, ta ciro hatiminta daga jaka ta danna har teburin ya motsa.

"Yanzu wa ya saɓa wa littafin?"

Kuwabara ya dubi takardar sallamar. Ya mayar da murfin hatiminsa, ya ninke takardar biyu ya jefa a kwandon shara. Sannan ya jawo littafin ya karanta abin da ta rubuta:

"Wanda ya ƙago alamar bai faɗi abin da p ke nufi ba. Ba wanda ya sani."