Jar Karyar Gidan Comeau

Tun da Verna Comeau ta ajiye tuƙin motar 'yan makaranta, safiyarta ta zama ta Tansy. Gari na wayewa sai su gangara fadamar da ke bayan gidansu, can kudancin Nova Scotia a ƙasar Kanada, inda ruwan teku ke shigowa cikin ciyawa ya cika ya janye. Tansy jar karya ce mai farin ƙirji, irin karnukan yankin da ke tsalle-tsalle a bakin ruwa har agwagin daji su matso kallo. Asalinta sananne ne kaka da kakanni. Daga gidan tsoho Hollis Crowell ta fito, mutumin da ya tsufa a kiwon irinsu.

A farkon bazara likitar dabbobi ta gama duba Tansy, ta shafa mata kai ta ce, "Lafiyarta ƙalau, Verna. Amma fa ta girma. In za a kai ta barbara, lokaci ya yi. In kuwa ba za a kai ta ba, gara a yi mata aiki a cire mahaifar, don barin ta haka yakan jawo ciwo daga baya. Ki je ki yi tunani."

Verna ta ce to. Tun a hanyar komawa gida ta fara ganin 'yan kwikwiyon da Tansy za ta haifa. Ba mafarki ba ne, idonta biyu, hannunta kan sitiyari, amma ga su nan a kujerar baya, jajaye, dunƙule-dunƙule, suna hawa kan juna. Da safe in hazo ya sauka a fadama ya shafe iyakar ruwa da ƙasa, sai ta ga kamar suna bin uwarsu a jere cikin ciyawa, wutsiyoyi kawai ake hangowa. Akwai wata 'yar ƙarama da kullum ake bari a baya, mai fari a hanci. Verna takan rage sauri don ta jira ta, sai ta tuna babu su, ta yi wa kanta dariya.

Mijinta Alcide, tsohon masunci da gwiwa ta hana shi hawa jirgi, yana lura da ita. Wata rana tana wanke kwano ɗaya ta ƙi ajiyewa, ya ce, "Tsohuwata, kin tafi ke nan. Nawa kika haifa yau?"

"Ka ji ka. Ni na ce maka wani abu?"

"Ai ba sai kin ce ba. Jiya ina jin ki kina raɗa musu suna a bayan gida. Ni dai na faɗa miki, duk wanda ya cinye min takalmi, ke za ki goya ni zuwa coci."

"Wannan takalmin naka ko kare ba zai kula shi ba, maigida."

Ana cikin haka Tansy ta sauya. Ta daina ɗokin fita, ta shige ƙarƙashin matakalar bene ta tattara tsummoki ta yi sheƙa. Ta bi gida tana kwashe safar hannun Alcide ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a cikinta tana lasa, har nono ya kawo mata. Likita ta ce a waya ba komai, jikinta ne ya ɗauka tana da ciki alhali babu, zai wuce da kansa. Amma Verna ta zauna a ƙasa kusa da matakalar har rana ta karkata, tana kallon yadda Tansy ke tura safar da hanci a hankali kamar mai gudun ta tashe su. Ta ji a ranta cewa karyar ta ba ta amsa.

Washegari ta soya wainar kifi ta kai wa Hollis, da niyyar ya nemo wa Tansy namijin da ya dace. Ta same shi a baranda cikin bargo duk da ranar da ake yi. A ƙafarsa Bess ke kwance, uwar Tansy, bakinta ya yi furfura, ido ɗaya ya yi fari.

"Baba Hollis, na zo da magana."

"Na sani. Duk wanda ya zo min da wainar kifi kwikwiyo yake so. Zauna."

Ta ba shi labarin safar hannu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Bess ma ta taɓa rainon dankali. Da aka kwana biyu ta manta da shi ya ruɓe a lungu. Su ba sa ajiye abu a rai kamar mu, 'yar nan." Ya gyara bargonsa. "Ba zan hana ki ba. Tansy ce macen ƙarshe da za ta iya haihuwa a irin nawa, kin san zan so. Amma faɗa min, in sun zo, wa za ki ba?"

Verna ta ambaci ɗan ƙanwarta mai farauta, da wata malama a garin. Daga nan ta tsaya. Sauran duk baƙi ne da za su gan su a hoto su ce suna so.

"Na taɓa ba wani mai fara'a daga birni kwikwiyo ɗaya," in ji Hollis. "Bayan shekara na je na sami karen ɗaure a bayan gida, ya cinye gashin ƙafarsa don kaɗaici. Karen da aka yi don ruwa. Na kwance shi na sa a mota, ban ce wa kowa komai ba. Tun daga ranar, duk kwikwiyon da ya fita gidan nan ina bin sa da rai har ya mutu. Ki duba ko kina da ƙarfin wannan. In kina da shi, gobe ma sai in yi waya a nemo namijin."

Ba ta koma gida kai tsaye ba. Ta tsaya da mota a bakin gaɓa ta sauke gilashi. Iska mai gishiri na shigowa, tsuntsaye na shawagi ba sa ko kaɗa fiffike. Ta yi ƙoƙarin ganin jajayen nan yadda ta saba, suka zo, amma wannan karon a manyance, kowanne a bayan motar wani baƙo, suna waiwayen ta ta gilashi, motocin na rabuwa a mararraba. Ta bi su da ido ta rasa wanda za ta bi. Ta daɗe a wurin kafin ta tayar da mota.

Ba a jima ba Tansy ta fito daga ƙarƙashin matakala ta miƙe, ta yi hamma, ta tsaya a ƙofa tana jiran a buɗe. Da nonon ya ƙafe, Verna ta kai ta aka yi aikin. Ta ɗan yi kuka a mota, Alcide ya yi kamar yana duba taya. Tansy ta dawo da mazurarin roba a wuya tana karo da ƙafafun tebur, kafin kaka ta zo ganyen itatuwa ya fara ja kuwa ta koma ninƙaya kamar ba a taɓa ta ba.

Da sanyi ya matso, 'yar Hollis ta zo daga birnin Halifax ta ce ba zai ƙara hunturu shi kaɗai ba, za ta tafi da shi, gidan da take haya kuma ba a yarda da kare. Shi da kansa ya kawo Bess, da bargonta da kwanonta, ya miƙa wa Verna igiyar ya ce, "Ba ta son a taɓa mata kunnen hagu."

Bess ta shinshina ɗakin a hankali, ta zaɓi gaban murhu, daidai inda Alcide ke miƙe gwiwarsa. Tansy ta zagaya ta sau da yawa, sannan ta kwanta ta ɗora haɓa a bayanta.

Alcide ya ja kujerarsa gefe yana gunaguni. "An ce za a cika gida da jarirai, sai ga shi an ƙaro mana tsohuwa. Yanzu mu uku ke nan masu ciwon ƙafa, ni da ke da ita."

Verna ta ƙara itace a wuta, ta je ta jiƙa wa Bess abinci da ruwan ɗumi don haƙoranta.