Littattafai a Firizar Kifi

A ɗakin karatu na ƙasa kowa Likita yake ce mata, saboda farar riga da safar hannu. Aikinta gyaran littattafai ne, a wani ɗaki a ƙasan bene, jikin ma'ajiyar littattafai.

Ranar da wani tsoho mai maɗaba'a ya zo da akori-kura cike da kwalaye, ita aka kira. Za a rushe shagonsa. Tun yana saurayi, duk littafin da ya buga sai ya ajiye guda. Da yawa daga cikinsu babu su a ko'ina yanzu.

Likita ta buɗe kwali, ta girgiza littafi ɗaya. Gari ya zubo. Ƙwaro ya ruga cikin ɗinki.

Shugaban ma'ajiya ya ja da baya. "Waɗannan ba za su shiga ba."

"Ranka ya daɗe, ai duk abin da aka buga a ƙasar nan, nan ne gidansa."

"Na ciki ma gidansu ne. In ƙwaron nan ya hau kanta ɗaya, ya hau duka. Ki kashe shi, in karɓa."

Gaskiyarsa. Maganin kuwa sanyi ne: a ƙulle littafi a leda, a bar shi a firiza har ƙwaro da ƙwansa su mutu. Amma firizar sashenta ta ƙone tun bara, maganar sabuwa kuma tana ta hawa bene tana saukowa.

"In ba ku so, akwai mai sayen takarda yana jira," in ji tsoho. "Masu ƙunshin kaya yake kai wa."

"Baba, ka ba ni zuwa yamma."

Ta cire farar rigar ta tafi wurin goggonta, mai shagon kifi da kaji a bakin kasuwa. Firiza uku ne da ita, ga janareta.

"Likitar takarda!" in ji Goggo. "Yau wa ya mutu?"

"Aron firiza na zo."

Goggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi dariya har da dafa tebur. "Ubanki ya kashe kansa kan karatunki, kin dawo kina sa littafi a ƙanƙara. In fitar da kifina in zuba ƙwaro?"

"A leda suke, Goggo. Leda biyu-biyu."

"A'a."

"To shi ke nan. Jibi da su za ki riƙa ƙunsa kifi."

Goggo tana cikin naɗe wa wata mata kifi. Ta dubi takardar da ke hannunta, shafi ne na wani littafi, da lamba a gindinsa. Ta gama naɗewa, ta sallami matar.

"Ta ƙurya," ta ce. "Ke za ki kwashe kifin ki cusa a sauran biyun. Ki wanke ta kafin ki sa, ki wanke ta bayan kin gama."

Kashi-kashi aka yi aikin. A saka, a jira, a fitar, a bari su huce cikin ledarsu. In an ɗauke wuta, Goggo ta tada janareta tana zagin duk wanda ya ƙirƙiro boko. Wani lokaci Likita takan same ta a sunkuye, tana karanta bangon littafi ta cikin leda.

Da aka kai kashin ƙarshe, shugaban ma'ajiya ya girgiza littafi a kan farar takarda. Matattun ƙwari ne suka zubo. Ya kai shi hanci.

"Kifi?"

"Zai fita, ranka ya daɗe."

"A ba su lamba."

Goggo ta biyo motar, ita da tsoho. Ta ja Likita gefe. "Akwai wani mai koren bango, na ciwon kaji. Ba ni shi in kai gida."

"Nan ba a fita da littafi. Zama ake a karanta."

"Iye! Ni na ba ku aron firiza, ku ba kwa ba da aro?"

"In kin tafi da shi, wanda ya zo gobe fa?"

Goggo ta harare ta. Ta dubi matakalar da ta hau zuwa zauren karatu.

"Akwai fanka a can?"

"Akwai."

"To ɗauko min. Kusa da taga nake so."