Esin Motar Auta

Shekara arba'in da ɗaya ina bin waya a jikin mota, ban taɓa ɓoye wa mai mota abin da na gano ba sai ranar da Auta ya kawo mini tasa.

Auta shi ne ƙarami a cikin 'ya'yana huɗu. Tun da mahaifiyarsu ta rasu kowa ya kama garin aikinsa, aka bar ni da shago mai ƙofar ƙarfe, da benci ɗaya, da butar shayin da nake cikawa kamar akwai mai taya ni sha. Suna kira, ban ce ba sa kira ba. Baba ya jiki, ya aiki, to Allah ya ƙara lafiya. Kafin in gyara zama an gama.

Rabona da ganin Auta ya kai wata goma sha huɗu. Ran nan da hantsi sai ga farar mota ta tsaya a bakin shago, ya fito rigarsa ta manne masa a baya don gumi. Ya rusuna ya gaishe ni, ya dubi agogonsa.

"Baba, wucewa zan yi, ana jirana wurin taro da yamma. Esin nan ne ya ishe ni. Sau biyu ana zuba masa gas, amma iska mai zafi yake hurowa."

Wato da esin lafiya yake, da ban ga ƙeyarsa ba. Abin ya soke ni, na haɗiye, na ce ya buɗe bonet.

Na sa ya tayar da mota ya danna maɓallin esi. Fanka na juyawa, amma kwamfuresa, injin da ke tura gas ɗin, bai yi ƙas ɗin nan da yake yi in ya kama ba. To ba gas ba ne, wuta ce ba ta isa gare shi. Masu zuba gas kuwa ko ciwon kai ka kai musu gas za su zuba maka. Na zare fis na ɗaga shi a rana, lafiya lau. Na cire rilen esi, ɗan akwatin da ke ba shi wuta, na musanya shi da na hon. Hon ya yi kuka, ashe rile ba shi da laifi. Sai na ɗauki fitilar gwaji ina bin wayar taki-taki. A nan fitila ta kama, a nan ma ta kama, kusa da soket ɗin kwamfuresa ta mutu. Na ja wayar da yatsu biyu, sai ta miƙe kamar roba. Ta tsinke a ciki, rigarta ce kawai ta rage a haɗe.

Duka-duka minti goma. Gyaran kuma bai fi minti biyar ba: a yanke, a fere, a haɗa da dalma, a naɗe. Ina gamawa zai ce Baba sai an kwana biyu, in koma kan bencina ni kaɗai. Na daɗe riƙe da wayar nan. Sannan na tura ta bayan tiyo, na miƙe ina goge hannu.

"Aikin nan da sauran kallo," na ce masa. "Sai an buɗe ciki. Zauna ka sha shayi."

Allah ya yafe mini, na kwance akwatin gaban mota wanda babu ruwansa da maganar. Na jera notuna a kan tsumma ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina jan sa da hira. Awar farko ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya ba ni labarin 'yarsa da ta fara zubar da haƙori tana kuka wai za ta ƙare ba baki. Ya yi dariya har da buga cinya, irin dariyar mahaifiyarsa sak. Ya sha kofi biyu. Na ji shagon ya cika.

A awa ta biyu hira ta fara tsinkewa. Ina kwance a ƙarƙashin sitiyari ina taɓa wayoyin da na san lafiyarsu ƙalau, shi kuma yana tsaye a kaina yana cewa, "Baba, ai ka duba nan ɗazu." A awa ta uku ya zaga bayan shago ya kira matarsa. Ya manta bangon na kwano ne.

"Wallahi tausayi ya ba ni," na ji yana cewa ƙasa-ƙasa. "Mutumin da kafin ka gama bayani ya gano matsala, yau awa uku yana lalube. Baba ya tsufa. Zan yi magana da su Yaya a rufe shagon nan, ya huta haka nan."

Raina ya ɓaci. Ni ne nake lalube? Ni da masu gareji ke aiko wa motar da ta gagare su? Na mayar da akwatin na ɗaure notunansa, na zaga gaba na jawo wayar daga inda na ɓoye ta. Kafin ya dawo na yanke, na haɗa, na naɗe.

"Tayar," na ce.

Ya murɗa makulli ya danna maɓalli. Ƙas! Ya kara tafin hannunsa a bakin iska, fuskarsa ta washe.

"Kai, Baba! Ashe dai da sauranka!"

Na so in gaya masa tun kafin in zuba masa shayin farko na gano ta. Amma in na faɗa zai tambaye ni dalili, ni kuwa bakina ba zai iya furta dalilin ba. Uba ba ya roƙon ɗansa ya zauna. Na bar shi a kan cewa tsoho ya yi sa'a bayan dogon lalube.

Ya rusuna ya yi mini sallama a gurguje, ya shiga mota. Sai a lokacin zuciyata ta karye. Na dafa ƙofar na sunkuyo, na ce ko ba komai yau sai na faɗi guda ɗaya. Shi kuwa jin sanyi ya fara ratsa shi, sai ya danna gilashi ya tashi, kamar yadda kowane mai esi yake yi.

"In ka dawo ka biyo ka kwana," na ce. "Gidan ya yi mini girma."

Ya dube ni ta cikin gilashin yana murmushi, ya nuna bakin iskar, ya ɗaga mini babban yatsa. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ja motarsa ya hau titi, tagogi huɗu a rufe ruf.