Tiyatar Katafila Ta Biyu

Katafila ya tuɓe takalmi, ya cire hula, ya zazzage aljihunsa a kan teburin nas: makullan gareji, 'yar ƙaramar sifana, tsohuwar waya. Har agogo sai da ya kwance kafin ya hau sikeli.

"Baba, agogo ai ba shi da wani nauyi," in ji nas tana dariya.

"Ke dai rubuta abin da kika gani, 'yata. Agogon nan ya girme ki."

Allurar sikelin ta tsaya inda ta saba tsayawa. Ya harare ta, ya sauko.

Duk wanda ya taɓa kai babbar mota gyara a layin makanikai ya san Katafila. Mutumin da gingimari ta taɓa zamewa daga kan jak ta danne shi, aka taru aka ɗaga ta, ya miƙe yana tambayar wa ya taka masa sifana. Bai taɓa zama a aji ba, amma da kunne yake gane ciwon inji tun motar tana bakin titi. Irinsu ba a yin su yanzu. Ƙiba ce kaɗai ta so ta kai shi ƙasa: ta hana shi shiga ƙarƙashin mota, ta jawo masa ciwon suga. Shekarun baya likitoci suka yanka shi suka rage masa tumbi. Ya yi ta zubewa har wandunansa suka koma sai da igiya. Can sai ramar ta tsaya cak, daga baya ma naman ya fara dawowa a sace.

Likitarsa ce ta gano dalili, bayan ta tsare shi da tambayoyi. Duk direban da ya zo gareji sai ya ce, "Baba, a ba mu labarin tiyata." Katafila ya ɗaga riga ya nuna tabo, ya ja labari. Mai sauraro kuwa, don jin daɗi, sai ya aika a kawo masa shayi mai kauri, madara da suga har cokali ya kusa tsayawa. Abinci dai 'yan lomomi yake ci ya ƙoshi, amma shayi wucewa yake salin alin, kuma a wurin Katafila abin da ba a tauna ba ba abinci ba ne. Direbobi ba sa yankewa, labari ba ya ƙarewa, tumbi ya sake buɗewa. Likita ta ce ba za ta sake taɓa shi ba sai ya rabu da suga na tsawon watanni. Ya rabu da shi kuwa, rana ɗaya, kamar an kashe makunni. Amma sikeli ya ƙi motsi. Shi ya sa yau za a sake shiga, a ɗinke tumbin, a canza wa abinci hanya.

Yana sa rigar asibiti sai ga 'yarsa ta faɗo ɗakin tana haki, da alli a hannun rigarta. Malamar makaranta ce, ita kaɗai Allah ya bar masa, kuma sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Baba! Sai a bakin mai gadin gareji zan ji?"

"Mamana, zauna ki huta. Ɗan gyara ne."

"Ɗan gyara? Wancan karon ni na tsaya a kanka kana numfashi da na'ura. Kai barci kake, ni na ga abin da na gani. Sa kayanka mu tafi gida."

Likita ta shigo ta same su a haka. Ta saurara, sannan ta ce, "Baba, ka ce min 'yarka ta sani. Ba na yin aikin nan sai akwai wanda zai kula da kai a gida. In ba ta yarda ba, sai in ba wani lokacinka."

"Ban yarda ba," in ji 'yar. "Gara ina ganinsa da ƙibarsa."

Katafila ya dubi matan nan biyu. Mutumin da ya taɓa hana motar sata fita daga garejinsa da ƙirjinsa, yau ga shi cikin riga mai buɗaɗɗen baya ana yanke masa hukunci. Ya zauna a bakin gado, ya ɗago ƙafar dama da hannu biyu.

"Zo ki duba nan."

A tafin ƙafar akwai wani rami da ya yi baƙi, an rufe shi da auduga.

"Ƙusa ce. Watan jiya na taka ta da safe. Na yini ina yawo a kanta, na sauke giyar mota, na ɗaura wata. Sai da na zo tuɓe takalmi na ga jini. Ko ɗis ban ji ba, Mamana. Tambayi Likita abin da ke biyo baya."

Likita ba ta ɓoye ba. "In sugan bai sauka ba, yatsu za a fara cirewa. Daga nan ƙafar."

"Kin ji. Sai keken guragu. Ke ki riƙa tura ni, yara suna buɗe mana hanya. Ni? Wallahi gingimari ba ta kwantar da ni ba, suga ba zai zaunar da ni ba. Motar da aka yi wa aiki ta yi tafiya ta tsaya, yar da ita ake? Sake buɗe ta ake. Na sake buɗe injin da ya fi ni tsufa, yanzu haka yana kan hanya."

'Yar ta daɗe tana kallon ƙafar. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Likita, zan kula da shi. Amma in ya farka, ki bar ni da shi. Akwai maganar ɓoye min da ya yi."

"Wannan kuma ba ni da maganinsa," in ji Likita.

Aka turo gadon ɗaukar marasa lafiya. Katafila ya ce a mayar. Da ƙafarsa ya taka har ƙofar ɗakin tiyata, hannu ɗaya riƙe da bayan riga, yana gaida masu shara. Mai ba da maganin barci ya ce ya fara ƙirge. Ya ce shi ba ya ƙirge, sai dai ya faɗa masa yadda ake gane famfon mai ya mutu. Bai kai ƙarshen bayanin ba.

Da ya buɗe ido rana ta yi sanyi. Cikinsa kamar an ɗora masa injin tirela, maƙogwaro a bushe. 'Yarsa na gefe.

"An gama?"

"An gama, Baba. Likita ta ce aiki ya yi kyau."

"Na'ura fa?"

"Babu na'ura. Da kanka kake numfashi."

"To da wa zai yi min numfashin?"

Kafin la'asar ta wuce nas ta zo ta ce dole ya ɗan taka, don kada jini ya daskare a ƙafa. Ta ce ko zuwa ƙofa ya isa. Katafila ya kama sandar ƙarin ruwa, ya miƙe, duniya ta juya da shi, ya jira ta gama juyawarta. Ya wuce ƙofa. Ya shiga barandar, yana jan sanda, samarin da aka yi wa aiki tun jiya suna kwance suna kallonsa ta taga. Bai tsaya ba sai da ya dafa bangon ƙarshe.

"Ku gaya wa na kwancen nan," ya ce da nas, "wannan na biyu ne."

Sai ya juyo, ya ga tsawon barandar da zai koma. Gumi ya jiƙe masa wuya. Nas ta kalli keken marasa lafiya da ke jingine a kusurwa. 'Yar ta girgiza mata kai a hankali, ta matso ta cusa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa.

"Baba, ɗan riƙe ni. Takalmin nan tun safe yake matsa min. Mu tafi sannu-sannu."

Katafila ya sakar mata nauyinsa kusan duka.

"Yaran yanzu," ya ce, "ba ku da ƙwari ko kaɗan. Taho, ina riƙe da ke."